Kwanan Saman Tarago: Ina Muka Kai Zaurukanmu?

Zan fara da laifina, don kada a ce na zo ina nuna wasu da yatsa alhali nawa hannun da miya.

A hunturun shekarar da nake ƙarasa difloma, mu matasan layinmu a cikin birni muka kafa sintiri, saboda ƙwacen waya da haura katanga sun yi yawa. Kowa da darensa. Wani dare wajen ƙarfe biyu muka haska tocila a kan dakalin ƙofar gidanmu, sai ga mutum a ƙudundune cikin buhu, ya yi matashin kai da takalminsa. Muka tashe shi da gora. Muka zazzage 'yar jakarsa, abin da ke ciki riga ɗaya ce, da igiya, da cokali, da carbi, da ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi. Muka tambaye shi gidan wa ya zo, ya ce bai san kowa ba. Muka ce to ya bar mana unguwa. Bai yi musu ba, bai ma nuna mamaki ba. Ya naɗe buhunsa irin naɗin wanda ya saba, ya bi lungu ya fice. Ni ne na riƙe tocilar.

Da safe labari ya kai kunnen kakata, ta sa aka kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce in je in dubi abin da ke bayan dakalin da muka tashe shi. Zauren kakanmu ne. Ta ce a zamaninsa ba a taɓa sa masa sakata ba, kullum akwai tabarma da buta a ciki, kuma duk dare akwai kwanon tuwo guda da ake fitarwa, sunansa ma "na baƙo", ko an yi baƙon ko ba a yi ba. Yau zauren nan shagon cajin waya ne. Mu da kanmu muka ba da shi haya.

Bayan kwana uku na gan shi wajen wani mai shayi a bakin Kasuwar Kurmi, ya gama dako yana hutawa. Kunya ta sa na saya masa shayi da burodi. Daga nan muka yi kusan mako uku muna haɗuwa, kuma abin da na ji daga bakinsa shi ne asalin wannan rubutu.

Ɗan wani ƙauye ne a gabashin Jigawa, kusa da layin dogon da ya tafi Nguru. Mahaifinsu ya rasu, aka raba gona tsakanin magada masu yawa, ɗan abin da ya samu kuma ambaliya ta cinye amfaninsa shekara biyu a jere. Yana da kamar shekara goma sha biyar ya ɗare jirgin ƙasa ba tikiti, ya sauka Kano. Daga baya ya bi jirgin kaya zuwa Kudu, wani lokaci a tsakanin tarago da tarago, wani lokaci a kan rufi. Ya ce sanyi da yunwa duk da sauƙi, abokin gaba shi ne barci. Shi ya sa igiyar nan ba ta barin jakarsa, da ita yake ɗaure ƙugunsa a jikin ƙarfe. Ya ce akwai wanda suka taso tare daga Kaduna, da gari ya waye kafin Jebba sai hularsa kawai suka gani. Ba wanda ya san sunan garinsu, balle a aika.

Da jirgin ya koma yau ya tafi gobe ya tsaya, sai ya koma inda takwarorinsa suka koma, wato saman tirela. Duk wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Zariya da yamma ya ga wannan: motar shanu daga Wudil ko Maigatari, ko motar hatsi daga Dawanau, ko ta albasa da tumatir, mutane jere a sama kamar tsuntsaye a kan waya. Wasu 'yan kuɗi kaɗan suke ba yaron mota. Wanda ba shi da ko sisi sai ya biya da ƙarfinsa, in saniya ta faɗi a cikin bodi shi zai dira tsakanin ƙahonni ya tashe ta kafin 'yan uwanta su tattake ta. Kwana biyu ko uku a haka, ta Mokwa da Jebba da Ilori, har Legas. Baƙon nawa ya yi dako a Mil 12, ya kwana a gefen dogo a Agege, ya yi jari-bola a Ibadan, ya yi ga-ruwa a Fatakwal, ya tura baro a Anaca. Na tambaye shi wane gari ne nasa a cikinsu. Ya yi dariya ya ce duk inda ba a tashe shi ba a daren.

Mu Hausawa muna da sunaye da yawa na irin wannan mutum, kuma kusan dukkansu zagi ne: ɗan tasha, ɗan iska, magantali, wanda ya shiga uwa duniya. Muna da karin magana ma a shirye, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ra'ayina shi ne wannan hukunci ya yi mana sauƙi da yawa. Da yawa daga cikinsu gidan ne ya fara barin su. Kuma abin da ke mayar da ɗan ci-rani ya zama ɗan gararamba, a mafi yawan lokuta, rashin masauki ne a garin da ya sauka. Kano ta taɓa sanin maganin wannan ciwo fiye da kowane gari a ƙasar Hausa, sai muka yar da maganin muka riƙe zagin.

A dubi sunayen unguwanninmu kawai. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa. Kowanne shaida ne cewa wasu baƙi sun zo, an ba su wuri, sun zauna har jikokinsu suka zama 'yan gari. Masana na cewa sunan Alfindiki ma daga kalmar Larabci ya samo asali, mai nufin masaukin fatake. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 aka kuma kafa Kasuwar Kurmi a lokacinsa, arzikin garin nan a kan karɓar baƙo ya ginu. Akwai tsari a kai. Falke yana da fatomansa, wanda zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Almajiri da gardi suna da tsangaya da zauren malam. Wanda ba shi da kowa kuma a kai shi wajen mai unguwa, shi zai san zauren da za a ba shi. Baƙo yana samun wurin kwana, gari kuma yana sanin wane ne ya kwana a cikinsa. Hausawan da suka je Kudu sun tafi da wannan tsari, shi ne ya riƙe Sabo ta Ibadan da sauran zangunanmu har Kumasi da Akara.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a kan dogon da talakawa suka shimfiɗa da aikin tilas, wahalar da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi wa Waƙar Diga. A 1912 aka haɗa layin da na Legas, a 1930 kuma ya kai Nguru. Don gyaɗa da auduga da fatu aka yi shi, amma tun daga farko ya ɗauki wani kaya da ba a rubuta a takarda ba: samarin ƙauye masu zuwa ci-rani bayan girbi, masu gudun haraji, masu gudun abin kunya, da masu neman abin aure. To amma wancan ɗan ci-ranin yana da iyaka biyu. Yana da zauren da zai sauka a birni, yana kuma da gonar da zai koma wa da faɗuwar damina. Na yau an yanke masa duka biyun.

Ta ɓangaren ƙauye kowa ya san labarin. Gona ta tsuke, ambaliya irin ta 2022 ta share garuruwa a Jigawa, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, rikicin Boko Haram ya watsa mutanen Borno da Yobe. Ta ɓangaren birni kuma, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka ɗauki dubban ma'aikata da yawansu sun rufe. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a Kano, sana'ar da ita ce matakin farko na baƙon da bai iya komai ba. Sannan ga tsoro. Wanda ya ga ranar 20 ga Janairun 2012, ya kuma ga abin da ya faru a Babban Masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamban 2014, ba za a zarge shi ba in ya fara kallon baƙuwar fuska da wani ido. Daga lokacin masallatai da yawa suka koma kullewa bayan isha'i. Zauruka kuma dama gado da tsadar fili sun riga sun fara cinye su, wannan ya zama shago, wancan ya zama ɗakin ango, sabon gini kuwa get ne da katanga, ba a ma zana masa zaure.

Ga yadda abin ke aiki a jikin mutum ɗaya, kamar yadda baƙon nawa ya warware mini. Duk aikin kirki da za a ba ka a gari, ko gadi ne, ko tsaron shago, ko a ba ka Adaidaita Sahu kana kawo balas, tambayar farko ita ce wa zai tsaya maka. Ba mai tsaya wa mutumin da bai san inda yake kwana ba. Ba ka da wurin kwana sai ka biya haya, ba ka biyan haya sai da aiki, ba ka samun aiki sai da mai tsaya maka. Abin da ya rage shi ne aikin yini, dako da bola da turin baro, wanda ake biya da yamma a cinye da dare. Ko ɗan abin da ka tara ba ka da inda za ka ɓoye shi, a aljihu yake kwana, ɓarawo ya sani, mai kama mutane da dare ma ya sani. Kowane wurin kwana kuma yana da wa'adi. Ƙarƙashin gadar sama, rumfar kasuwa, barandar shago, za ka yi mako ko wata kafin a zo da gora. In an tashe ka sau uku a gari ɗaya, sai ka ji ana cewa ana samu a Abuja ko Fatakwal, ka hau mota. Can ma haka. Abin da muke gani daga nesa kamar son yawo, kora ce ake yi masa daga wannan gari zuwa wancan, kowa yana tura shi gaba.

Hukumomi ma haka suke yi, sai dai nasu da manyan motoci. A watan Yunin 2014 sojoji suka tsare matafiya 486 'yan Arewa a jihar Abiya. A watan Agustan 2019 aka tare wata babbar mota a Legas ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da baburansu, aka bincike su ba a same su da komai ba aka sake su. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka yi ta lodin almajirai ana mayar da su jihohinsu, wannan ya aika wa wancan. Sai kuma abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka sauko da mafarauta daga babbar motar da ta ɗauko su daga Fatakwal za su gida yin Sallah, aka kashe 16. Waɗannan bayin Allah suna da gida da iyali da sunaye, shi ya sa aka san su aka yi musu kuka. A tuna da wanda ke hawa irin motar nan ba shi da ko ɗaya daga ciki. Sashe na 41 na tsarin mulkin Najeriya ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa ko'ina ya zauna, kuma tun 1989 doka ta soke kama mutum don kawai an gan shi yana yawo. Amma wanda ke kwance a kan kwali ƙarfe biyun dare bai da bakin karanta wa kowa sashe.

Akwai wani tarko da nake so mu kiyaye, musamman mu da muke son labari. Tafiya tana da daɗin ji a baki. Mun tashi da Ruwan Bagaja, inda matafiyi ke shiga gari ya fita, ya yi wayo ya sha, daga ƙarshe ya komo gida da abin da ya fita nema da dukiya. Amurkawa ma sun yi wa masu ɗare jiragen kaya, waɗanda suke kira hobo, ado mai yawa a waƙa da fim, kamar wasu 'yantattu da suka fi ƙarfin haya da maigida. Amma marubucinsu Jack London, wanda ya yi wannan rayuwa da kansa ya kuma rubuta ta a 1907, ɗaurin kwana 30 ya sha a 1894 ba don ya saci komai ba, sai don ba shi da wurin kwana. Na taɓa ce wa baƙon nawa ai shi ya more, ya ga duniya. Ya kalle ni ya ce bai ga duniya ba, tashoshinta ya gani. A shekara fiye da goma bai taɓa kwana a ɗakin da zai rufe ƙofa daga ciki ba.

Na san abin da wasu za su ce, domin ni ma na faɗe shi a daren da na riƙe tocila. Za a ce a cikinsu akwai ɓarayi, akwai 'yan ƙwaya, akwai masu leƙen asiri, kuma wanda aka taɓa sa wa wuƙa a wuya saboda waya ba zai saurari tarihin fatoma ba. Gaskiya ne, akwai su. Ban ce a buɗe ƙofa a kwanta ba. Tambayata ita ce, korar da muka yi ta ƙara mana tsaro? Mun tashe shi daga layinmu ya koma layin bayanmu. Ba mu san sunansa ba, ba mu san garinsu ba, in da mugu ne ma mun sake shi cikin duhu ba tare da wata shaida ba. Tsohon tsarin ya fi namu tsaro, domin zaure wurin kwana ne kuma wurin tantancewa ne. Wanda ya ci tuwon gidanka, mai unguwa ya san da shi, dattawan layi suka ga fuskarsa a sahun asuba, ya fi wuyar yin ɓarna a kan wanda ba wanda ya taɓa tambayar sunansa. Mu faɗi gaskiya kuma, yawancin masu tare mu da makami a lungunan nan ba daga saman tirela suka sauko ba, 'ya'yan unguwa ne, mun san iyayensu.

Za a kuma ce in aka yi masauki ai sai ƙauye ya kwashe ya taho. Ai sun riga sun taho. Wanda ya fita da asuba ya bi ta Ƙofar Mata zuwa Fagge, ko ya leƙa tashar Unguwa Uku, ya ga amsar da idonsa. Abin da ya rage mana zaɓi a kai shi ne ko mu san su ko kada mu san su.

Abin da nake ganin za a iya yi bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, kowace unguwa ko haɗakar unguwanni ta samu ɗaki ɗaya na baƙi, ko da barandar masallaci ce aka kewaye, da makewayi da ruwa, a ƙarƙashin mai unguwa da liman. A ajiye littafi, a rubuta sunan mutum da garinsu da lambar wani nasa, a ɗauki hotonsa. Baƙunci kwana uku ne a al'adarmu, wanda ya nuna yana sana'a a ƙara masa zuwa wata ɗaya ko biyu. Na biyu, wanda ya cika wa'adin nan lafiya mai unguwa ya ba shi takardar shaida, wadda za ta tsaya masa a wajen mai shago ko mai Adaidaita. Wannan 'yar takarda ita ce za ta tsinke zagayen da na bayyana a sama. Na uku, kuɗin. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka, kuma jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Attajiran Kwari da Singa da ke gina masallaci a kusa da masallaci, da ɗayansu zai yi waƙafin ɗakin kwana goma kusa da tasha, da ya share hawayen da ba a gani. Na huɗu, ga sabon dogo ana shimfiɗawa daga Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. Mu fara tambaya tun yanzu ko za a sa taragon da talaka zai iya biya. In ba a sa ba, talaka zai ci gaba da tafiya a saman shanu, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ci gaba da gargaɗi, mu kuma mu ci gaba da karanta adadin gawarwaki.

Baƙon nawa bai kai ƙarshen hunturu a Kano ba. Wata rana na je wajen mai shayin ya ce mini ya bi motar albasa tun shekaranjiya. Ya bar mini lambar waya, na kira sau biyu muka gaisa, na uku aka ce a kashe take, har yau kuma haka take. Ban san ko ya samu inda ya zauna ba ne ya canja layi, ko an sace wayar, ko igiyar ce ta kwance.

Na yi wa baffana maganar zauren, cewa in wa'adin haya ya cika a bar shi yadda kakanmu ya bar shi. Ya tambaye ni da me za a biya kuɗin makarantar ƙannena, ban kuwa da amsa. Yanzu dai muna kan magana da mai unguwa da kwamitin masallacin layinmu a kan baranda, wasu sun yarda wasu sun ƙi, kuma masu ƙin suna da hujjarsu. Kakata ita ba ta jira kowa ba, ta dawo da kwanon nan, duk dare ana ajiye shi a kan dakali.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya tambayi wani dattijo a gidansu su wa suka taɓa kwana a zaurensu, kuma me suka zama daga baya. Ina kyautata zaton wasunmu za su tarar kakansu ne baƙon. Wanda ya ga inda na kauce ya gyara mini. Allah Ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya, Ya yafe mana waɗanda muka tasa cikin dare.